Awa ɗaya gaban ogan ɗin da ban taɓa kaɗawa ba

Yau Alhamis ce, ranar da aka sa mini domin gwajin neman aikin mataimakin makaɗin ogan, wato kayan kiɗa mai maɓallai da iska ke busa bututunsa, a wata babbar majami'a. Da asuba na yi awa biyu a kan piyano kamar yadda na saba, domin da shi na fara tun ina ƙarami, kuma har gobe shi ne yake warware mini yatsu. Sai dai hankalina duk yana kan abin da ke jirana da rana.

Awa ɗaya tak aka ba ni in saba da ogan ɗin kafin alƙalai su shigo. Wanda bai san sana'ar ba zai ga kamar lokacin ya wadatar, amma piyano galibi maɓallansa 88 ne a jeri guda, shi kuwa ogan mai bututu ana gina kowanne ne daidai da ɗakin da zai zauna, saboda haka da wuya a sami biyu masu murya ɗaya. Wannan yana da jeri uku na maɓallan hannu, da maɓallai 32 na ƙafa, ga kuma mariƙan da ake ja domin iska ta shiga kowane rukunin bututu. Fiye da rabin lokacina ya tafi wajen jan wannan da mayar da wancan, ina saurare, ina rubuta abin da na zaɓa da fensir a gefen takardar kiɗa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne amsa-kuwwar ginin. A piyano, guduma ce take bugun tsirkiya, sautin ya fito da ƙarfi sannan ya dushe da kansa, kuma nauyin hannunka ne yake ƙara shi ko ya rage shi. A ogan, muddin yatsanka yana kan maɓalli, iska tana tafiya kuma sautin ba ya raguwa, komai ƙarfin da ka danna. Malamina ya sha gaya mini cewa gwanintar makaɗin ogan tana wajen ɗaga yatsa, kuma sai yau na fahimci maganarsa sosai, da na ji sautukana suna hawa kan juna a cikin wannan dogon ɗaki har layin kiɗan ya dagule. Dole na rage gudu, na kuma riƙa barin ɗan tazara tsakanin sauti da sauti. Hannun da ya saba da piyano ba ya son yin haka, kuma ina ganin wannan ita ce jarrabawa ta gaskiya ga duk matashin da ya riƙe kayan kiɗan nan biyu.

Da na fita shan iska, sai na tuna da Bach, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe. Yana ɗan shekara 18 ya zama makaɗin ogan a Arnstadt ta ƙasar Jamus a 1703, amma a 1705 ya taka da ƙafa wajen kilomita 400 zuwa birnin Lubek domin ya saurari Buxtehude, wani fitaccen makaɗin ogan na can, ya nemi izinin mako huɗu ya shafe kusan wata huɗu. Mutumin da ya riga ya sami aiki ke nan, bai ɗauka ya gama koyo ba. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

A gwajin na kaɗa kashi na farko na ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗe shida da ake kira sonata da Bach ya rubuta masu murya uku, inda hannun dama da na hagu da ƙafafu kowanne yake bin hanyarsa. Ƙafata ta hagu ta zame sau ɗaya, ban tsaya ba. Daga nan aka ba ni waƙar da ban taɓa gani ba in raka ƙungiyar mawaƙa, kuma a nan ne na fi jin daɗi, domin na bi numfashinsu, su ma suka bi ni.

Sun ce za su aiko da sakamako mako mai zuwa. Na kira Malam na ba shi labari, ya ce in zo ranar Asabar da takardar da na yi wa rubutun fensir, mu duba ta tare.