Kafin ka cire tsohon mataci daga akwatin kifinka

Ƙannena masu kiwon kifin ado a gida, na ga da yawanku kuna barin matacin nan mai inji kuna komawa na soso, wanda famfon iska yake tafiyarwa. Ban ga laifinku ba, ni ma can na koma. Ga ƙaramin akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa 80, a wurin da wuta ba ta da tabbas kuma zafi ya yi yawa, da wuya a samu abin da ya fi shi. Sai dai a wajen sauyin ne ake tafka asara, kuma na tafka tawa, shi ya sa nake so ku saurara.

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Dunƙulen soso ne da aka zura wa bututun roba a tsakiya, ƙasansa da ɗan nauyi don kada ya yi iyo. Famfon yana waje, yana hura iska ta siririn tiyo zuwa gindin bututun. Kumfa na tashi sama sai ta ja ruwa tare da ita, wani ruwan kuma ya kutso ta ramukan soson don ya cike gurbi. Shi ke nan. Babu farfela a cikin ruwa, babu abin da zai cije. Dabarar ma tsohuwa ce, wani Bajamushe mai suna Carl Löscher ya fito da ita tun 1797 don ɗaga ruwa da iska, masu kifi aro suka yi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, tare dattin da ido yake gani shi ne ƙaramin aikin mataci. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce, kuma ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garau kamar na sha alhali yana ƙona kifin. Masu kawar da ita wasu bakteriya ne. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita nitirayit, wadda ita ma guba ce don tana hana jini ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu, irin su Nitrospira, su mayar da nitirayit zuwa nitiret, wadda ba ta da kaifi sosai, kai kuma ka rage ta da sauya ruwa. Waɗannan halittu ba yawo suke yi a cikin ruwa ba, maƙalewa suke yi a jikin abu, kuma mafi yawansu suna cikin mataci, inda ruwa mai iska yake ratsa su dare da rana. Ga su da nawar haihuwa. Sabon soso yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya tara abin kirki.

To ni ranar da na sayo soso, ranar na cire tsohon matacin na jefa a kwali, ina murna na rabu da ƙararsa. Ban san cewa ma'aikatan gidan gaba ɗaya na kora ba. Ba a jima ba ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifayen suka taru a sama suna haki, fiffikensu a tsuke, abinci ma ba sa kallo. Na ce ko zafi ne, na ce ko abincin ne ya lalace. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kafin in farga gufi, wato wasu ƙananan kifayen ado, da dama sun tafi, har da wata uwa mai ciki da na fi so.

Yadda ya kamata a yi: ka jefa sabon soson ya yi aiki tare da tsohon matacin, su biyu a akwati ɗaya, aƙalla wata guda. In tsohon yana da auduga ko soso a ciki, ciro shi ka matse ruwansa mai launin ƙasa-ƙasa a kan sabon. Ruwan zai yi duhu na ɗan lokaci, kada ka damu, iri ne ka shuka. Bayan ka cire tsohon, rage abinci na mako ɗaya ko biyu, kuma kada ka ƙaro sabon kifi a wannan tsakanin. In kana da halin sayen ruwan gwajin amoniya da nitirayit, saya, ka tabbata duka biyun suna kan sifili. In kuwa tsohon ya mutu ne farat ɗaya babu damar haɗa su, kwaso abin da ke cikinsa ka ɗaure kusa da soson, ko ka roƙi wani mai kifi lafiyayye ya matso maka nasa a leda.

Sai maganar wanki, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. An rene mu a kan cewa tsafta cikon addini ce, saboda haka da mutum ya ga soso ya yi baƙi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Na taɓa kai nawa bakin famfo na dirje shi har ya koma kamar sabo, na shanya a rana ma don ya ƙara tsarki. Kulorin da ake zuba wa ruwan famfo aikinsa ke nan, kashe bakteriya, rana kuma ta ƙarasa sauran. Na mayar da akwatin ranar farko da hannuna. Sabulu kuwa ko kusa kada ya zo. Ranar da kake sauya ruwa, ɗebi wanda ka zuƙo daga akwatin a bokiti, ka tsoma soson ka matsa sau uku ko huɗu, ka ga laka ta fita, ka mayar da shi yana nan da launinsa na ƙasa. In ka shinshina za ka ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, alamar lafiya ke nan. In ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya toshe ya daɗe. Bayan mako biyu zuwa huɗu ya isa, ko kuma duk sanda ka ga ruwan da ke fita ta bakin bututun ya rage ƙarfi. Wanda yake da soso biyu a akwati ɗaya ya fi kwanciyar hankali, ya wanke ɗaya wannan makon, ɗayan wani makon. Sauya ruwa kuma bai faɗi ba don ka sa soso: kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kowane mako, da ruwan da aka kashe kulorinsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce abin ya dace da mu. Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. A digiri 20, lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9; a digiri 30 ta koma wajen 7.5, kuma a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙata. Wanda ya san Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sanda zafi ke haye digiri 40, ya san ruwan ɗaki ba ya zama da sanyi. Kumfar da ke fashewa a sama tana motsa fuskar ruwa, ta nan iska take shiga. Sannan idan aka ɗauke wuta, rufaffen mataci na waje yana zama da ruwa a tsaye cikin duhu, iskarsa ta ƙare cikin 'yan sa'o'i, abin da ke ciki ya fara mutuwa, da an kawo wuta ya amayar da wannan ruwan cikin akwati. Soso kuwa a buɗe yake a tsakiyar ruwa, yana jurewa fiye da haka. Ƙaramin famfon iska wat 2 zuwa 5 kawai yake ci. Akwai mai amfani da USB wanda batirin cajin waya zai riƙe shi dare guda, akwai mai manyan batura irin na tocila. In kana da 'yar sola a gida ma ba za ta san da shi ba.

Amma ɗauke wutar nan tana da tarko. In famfon yana ƙasa da tsayin ruwa, da ya tsaya ruwa zai iya biyo tiyo ya gangaro baya. Na wayi gari na tarar da dardumar ɗaki sharkaf, famfo ya sha ruwa, ga soket a kusa, Allah ne ya kiyaye. Maganin wani ɗan bawul ne na roba, bai kai girman yatsa ba, mai barin iska ta wuce ta hanya ɗaya. A yanka tiyo a sa shi a tsakani. Kafin ka ɗaura, hura da baki ka ga ta inda iska take wucewa, don in ka juya shi ba kumfar da za ta fito, za ka yi ta zargin famfo. In babu shi, ɗora famfon a kan kanta sama da akwatin.

Ƙara ita ce abin da ake yawan kuka da shi. Ɗora famfon a kan tsumma ko guntun soso, kada ya taɓa bango ko katako. Ɓulɓul ɗin manyan kumfa kuma yana raguwa in ka sa ƙaramin dutsen iska, wato ɗan dutse mai ramuka da ake maƙalawa a bakin tiyo, a cikin bututun, kumfar ta zama ƙanana, jan ruwan ma ya fi daidaita. Ba sai ruwa yana tafasa ba; kifin beta mai dogayen fiffike ba ya son guguwa. Lokacin hunturu a riƙa duba 'yar audugar da ke gindin famfon, ƙura tana toshe ta.

Kada kuma tsimi ya sa ka yanko soson katifa ko na wanke-wanke. Wasu an sa musu magunguna, ramukansu kuma ba a buɗe suke yadda ruwa zai ratsa ba. Nemi wanda aka yi don kifi, kuma in akwai zaɓi ɗauki mai manyan ramuka, ya fi jimawa bai toshe ba. Mai ƙananan ramuka na masu renon 'ya'yan kifi ne, su da tun asali suka fi kowa son soso, don ba ya zuƙe jarirai kamar mai inji, har ma za ka gan su suna tsattsagar abinci a jikinsa.

Akwai inda ba zan ba ku shawararsa shi kaɗai ba. Soso ba ya kwashe ƙananan ɓurɓushi har ruwa ya yi ƙyalli irin na hotunan intanet, kuma ba ya cire launi ko ragowar magani kamar yadda gawayin tacewa yake yi. Ga shi ya tsaya ƙato a kusurwa, sai dai ka ɓoye shi bayan dutse ko tsiro. Kifin gwal kuma mai yawan kashi ne, yana girma ya wuce tafin hannu. Wanda ya cusa guda shida a lita 30 babu soson da zai cece shi, akwati babba yake buƙata ko ya rage kifin. Haka wanda ya ɗauko 'ya'yan tarwada daga gonar kifi ya zuba a gilashi: in suka fara girma, a nema musu kududdufi.