Daga Houston zuwa Quartzsite da tirela mai yoyo

Ƙarfe biyu na dare, a garin Van Horn da ke yammacin jihar Texas, injin famfon tirelarmu ya tashi da kansa. Ya yi gurnani na daƙiƙa uku, ya yi shiru, bayan minti biyar ya sake, alhali babu wanda ya taɓa kan famfo. Wannan injin ba ya tashi sai matsin ruwa ya faɗi a cikin bututu, matsi kuwa ba ya faɗuwa sai ruwa na fita ta wani wuri. Ƙanin matata, abokin tafiyata, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ko dai aljanu ne ke alwala?" Na kashe makunnin injin, muka jira gari ya waye.

Tirelar da nake magana a kai ita ce ta tafi-da-gidanka wadda Amurkawa ke ja da a-kori-kura idan za su hutu: gado, kicin, banɗaki, duk a cikin ƙafa 24. Tamu ƙirar 1993 ce. Tana da tankuna uku a ƙarƙashi: na ruwa mai tsabta mai cin galan 40, wato lita 151, sai na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na masai. Ruwa na shiga bututunta ta hanya biyu, ko injin mai aiki da batir mai volt 12 ya jawo daga tanki, ko a ɗaura tiyo daga famfon sansani zuwa wata kafa da ke jikin bangon waje.

Mun baro Houston ta babbar hanya mai lamba 10, mil 200 zuwa San Antonio, daga nan kusan mil 430 zuwa Van Horn. A Houston watan Janairu ɗan sanyi ne kawai. Van Horn kuwa tana kan tudu mai tsayin ƙafa kusan 4,000, da rana akwai ɗumi, da dare ruwa kan daskare. Kuskure biyu muka haɗa a wannan tafiya. A sansanin da muka kwana daren farko na ɗaura tiyo kai tsaye ba tare da na'urar rage matsi ba, ruwansu kuma da ƙarfi yake zuwa. A dare na biyu muka bar ruwa a bututu sanyi ya same shi. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma mahaɗar da matsi ya riga ya wahalar ita ce farkon tsagewa.

Da safe muka ga ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin tirela, daidai banɗaki. A nan ainihin matsalar ta bayyana. Mun san ɓangaren da yoyon yake, amma hannu ba ya kaiwa. Bututun yana bayan bangon wurin wanka, bangon kuma an ɗinke shi da ƙananan ƙusoshi da gam. Injin famfo yana ƙarƙashin gado, sai an ɗaga katifa, an kwance sukuru takwas, an cire katako, sannan a hango shi. Mafi ban haushi, duk tirelar babu bawul, wato makullin ruwa, ko ɗaya da zai rufe ruwan banɗaki ya bar na kicin. Tsagewa ɗaya mai girman farce ta hana mu ruwa gaba ɗaya. Muka buɗe bawul biyu na tsiyaye bututu da ke ƙarƙashi, muka zubar da abin da ya rage, muka koma jarka da buta.

A El Paso, mil 120 gaba, muka shiga wani babban shagon kayan gini. Tsohon bututunmu irin na roba mai launin toka ne da aka daina sa wa gidajen Amurka a tsakiyar shekarun 1990, domin sinadarin kulorin na ruwan famfo yana cin sa da mahaɗansa na roba har su yi gautsi. Facinsa ɓata lokaci ne, ka gyara nan gobe can ta fashe. Muka yanke shawarar sauya shi duka da bututun roba mai lanƙwasuwa da ake kira PEX, mai rabin inci. Na sayi ƙafa 50 na shuɗi don ruwan sanyi, ƙafa 25 na ja don ruwan zafi, zoben matsewa na ƙarfe mara tsatsa guda 80 da filayarsa, almakashin yankan bututu, gwiwoyi 10, mahaɗa mai baki uku guda 8, bawul 11 masu murɗawa kwata, maƙalan bututu, farin tef na masu aikin famfo, na'urar rage matsi mai agogo, da ƙyauren roba biyu masu firam. Zobe ka sayi fiye da lissafinka, domin wanda aka matse a karkace sai dai a yanke shi a yar.

Daga El Paso muka haura Las Cruces, muka bi ta Deming da Lordsburg, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai allunan gargaɗi kan guguwar ƙura, muka shiga Arizona. Tucson, Phoenix, sai mil 130 na ƙarshe zuwa Quartzsite, inda hanyar 95 ta ratsa ta 10. Ƙaramin gari ne mai mutum 'yan dubbai, amma a Janairu hamadar da ke kewaye da shi cika take da tireloli da motocin kwana na masu gudun sanyin arewa. Muka sauka a La Posa, filin gwamnatin tarayya da ke kudu da garin, wanda ake zaman dogon lokaci a cikinsa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Babu lantarki, amma a ɓangarensa na kudu akwai wurin ɗibar ruwa da wurin juye tankunan datti. Ga mai aikin bututu wurin ya dace: ba laima, fili ga shi nan, kuma abin da ka manta saya za ka samu a rumfunan garin.

Ranar farko ba mu taɓa bututu ba, ƙofofi muka buɗe. Bangon cikin tirela falle ne na katako mai kaurin milimita 3 kacal, bayansa kuma akwai wayoyi da bututun gas. Saboda haka ba a soka zarto a makance. Na fara huda ƙaramar kafa daga cikin kabad ɗin da ke jingine da wurin wanka, na haska tocila, na zura lanƙwasasshiyar waya na juya ta don jin abin da ke kusa. Sannan na zana murabba'i mai inci 12 da 12 tsakanin sandunan bango biyu, na yanka da wuƙa mai kaifi, sau huɗu a kan layi ɗaya. Ba a yanke sandar bango, ita ke riƙe da jikin tirela. Ana cire fallen sai ga mai laifin: gwiwar roba ta ruwan sanyi, ta tsage a wuya. Katakon da ke ƙasanta ya yi baƙi, alamar ta daɗe tana tsatsafo kafin sanyi ya ƙarasa ta.

Ƙofa ta biyu a gefen gado muka buɗe ta, inci 14 da 18, aka yi mata firam da siririn katako, yadda mutum zai tsugunna ya ga injin ba tare da ɗaga katifa ba. Da farko maganaɗisu na sa wa ƙyauren. Wani dattijo da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce ramin farko a titi zai buɗe shi. Gaskiyarsa. Tirela a kan hanya kullum cikin jijjiga take, sai sakata mai murɗawa. Wuri ɗaya da ba mu taɓa ba shi ne akwatin da ke kewaye da murhun hita, wato na'urar dumama ruwa, domin an rufe shi ne don kada hayaƙin gas ya shigo ɗaki.

Rana ta biyu aka shiga bututu. Maimakon layi ɗaya da ke rarrabuwa a ɓoye cikin bango, na kafa marabar ruwa a jikin katako daidai sabuwar ƙofar gado. Ta sanyi tana da bawul biyar: kicin, kwanon wanke hannu, wurin wanka, masai, da hita. Ta zafi tana da uku. Kowane bawul na rubuta sunansa a kai. Inda hali ya yi, bututu ɗaya ne ke tafiya daga bawul har kan famfonsa babu haɗi a tsakani, domin PEX yana lanƙwasuwa, kuma kowace gwiwa da ka rage ka rage wurin yoyo guda. Hanyar zura sabo mai sauƙi ce: a ɗaure bakinsa da bakin tsoho, mutum ɗaya na ja daga can, ɗaya na turawa daga nan.

Haɗin kansa ba wuya, sai dai ba ya yafe gaggawa. A yanke bututu daidai, ba a karkace ba. A sa zobe, a tura mahaɗa har ƙarshe, a tsayar da zoben kimanin milimita 3 zuwa 6 daga bakin bututu, a matse har filayar ta saki da kanta. Idan zoben ya yi baya da yawa ya kuskure haƙoran mahaɗa, zai riƙe yau ya saki bayan mil ɗari biyar. Abu biyu ke yaudarar mutane a nan. Tsohon bututun toka da PEX kamar girmansu ɗaya a ido, amma faɗin cikinsu ya bambanta, don haka inda dole a haɗa su akwai mahaɗa ta musamman mai zobe iri biyu. Haka tiyo mai laushi mai zare a jiki, cikinsa ya fi na PEX faɗi, idan aka matse shi a kan mahaɗar PEX sai ya riƙa ɗiga. Shi nasa haɗin mai murɗawa ne, da washa ta roba a ciki. Irin wannan ba a naɗa masa tef, kuma da hannu ake ɗaure shi. Sifana na fasa shi.

Injin famfon bai mutu ba, mai ba da galan 3 a minti ne, yana tsayawa idan matsi ya kai 55 a ma'aunin matsi da ake kira psi. Rariyarsa ce ta tsage, muka sauya, muka juya ta yadda kofinta ke kallon ƙofa don a iya kwancewa a wanke. Tsakanin injin da PEX na sa tiyo mai laushi inci 18 a kowane gefe, a naɗe kamar gammo. Bututu mai tauri da aka haɗa kai tsaye da inji yana ɗaukar karkarwarsa ya buga ta a bango, shi ya sa wasu tireloli ke ƙara kamar injin markaɗe. Duk ƙafa biyu na kafa maƙali, inda bututu ya ratsa daɓe kuma na sa masa zoben roba don kada gefen katako ya ci shi.

Hitarmu mai galan 6 ce, tankinta na ƙarfe, tana da sanda a ciki da ke lalacewa a madadin tankin. Ana kwance ta da soket mai inci ɗaya da ɗaya bisa sha shida, bayan an kashe wuta, ruwan ya huce, an ɗaga bawul ɗin sakin matsi. Wanda ya tsallake wannan zai sha wanka da ruwan zafi ba shiri. Tamu saura wayar tsakiya kawai, sai sabuwa. A bayan hitar na sa bawul uku na kewaye: a rufe na shiga da na fita, a buɗe na tsakiya, ruwa ya wuce ba tare da ya shige ta ba. Sai dai a kula, idan an zubar da ruwanta kada a kunna ta a lantarki, ƙarfen dumamawarta ƙonewa yake nan take.

Akwai ƙari guda da masu ƙera tireloli ba sa tunawa da shi, mu kuwa ba ma iya zama ba shi: tiyon tsarki a gefen masai. Na ciro shi daga layin masai, da ƙaramin bawul nasa da ake rufewa bayan an gama, domin siririn tiyonsa ba ya jure matsi dare da rana. Yana sa tankin masai cika da wuri, wannan kam sai haƙuri, ko da yake yawan ruwa a tankin yana sauƙaƙa juye shi.

Da yammacin ranar muka shiga gari ziyarar kabarin Hadji Ali, mai kiwon raƙuma da ya zo Amurka a 1856 lokacin da sojojin ƙasar ke gwada raƙuma a hamadarsu. Harshen Amurkawa ya mayar da sunansa Hi Jolly. A nan ya rasu a 1902, kuma a 1935 aka gina masa ɗan dala na duwatsu da siffar raƙumi a sama. Muka yi masa addu'a, muka sayi ruwan sha a wurin tacewa, don ruwan yankin yana da gishirin ƙasa.

Rana ta uku ta gwaji ce, kuma da iska aka fara. Na ɗaura famfon taya a kafar shigar ruwa ta waje, na hura zuwa 40 psi, muka zuba wa agogo ido rabin sa'a. Allurar ta sauka kaɗan. Muka rufe bawul ɗaya bayan ɗaya, da aka rufe na kicin sai ta tsaya cak. Ruwan sabulu ya nuna kumfa a wani zobe da na matse a karkace, minti biyar aka sauya shi. Daga nan muka wanke tanki: kwatan kofi na ruwan bilic ga kowane galan 15, wato kashi biyu cikin uku na kofi ga namu. Aka buɗe kowane famfo har warin ya fito, aka bar shi sa'a huɗu, aka zubar, aka ɗauraye sau biyu. A ƙarƙashin kowane haɗi na shimfiɗa farar takarda ta kwana, don takarda na nuna ɗigon da yatsa ba ya ji. Na'urar rage matsi na saita ta a 45 psi, kuma a bakin famfon sansani ake ɗaura ta, kafin tiyo, don tiyon ma ya tsira.

A hanyar dawowa dare ya same mu kusa da Deming, rediyo na cewa ruwa zai daskare kafin asuba. Muka cika buta da jarka, na kashe injin, na buɗe kawunan famfo da bawul biyu na ƙasa, na kewaye hita na zubar da ruwanta, na hura iska a 30 psi layi bayan layi har famfo ya daina tofi. Ƙanin nawa ya taka fedar masai don ruwan da ke maƙale a bawul ɗinta ya fita, ni kuma na kwance kofin rariya na juye. A kowace magudana muka zuba kofi guda na maganin daskarewa mai ruwan hoda, wanda aka yi don bututun ruwan sha, ba na lagireton mota ba, shi wannan guba ne. Ya duba agogo ya ce, "Minti goma sha biyu, Yaya." Da asuba ruwan da muka manta a kofi a waje ya zama ƙanƙara, muka yi alwala da na buta, muka kama hanyar El Paso.