Igiyar takalmin Abba

Har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, alhali a ranar sanyin Kalgari ya kai 25 ƙasa da sifili.

Abba ne ya tasa mu gaba tun hunturunmu na farko a Kanada, shi lallai sai an sa shi a hokin ƙanƙara, wai duk 'yan ajinsu shi suke yi. Na ce masa ga ƙwallo nan, ita ba ta neman komai sai ƙafa. Ya ce, "Baba, nan fa ba Zariya ba ce." Uwarsa ta goya masa baya, aka yi mini taron dangi. Na je shagon gwanjo na haɗo kaya: hular kwano mai raga a fuska, sulken kafaɗa, na ƙwauri, wando mai katifa, safar hannu, sanda, da takalmin nan mai wuƙa a ƙasa. Gwanjo ne fa, amma da na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata sai da na yi salati.

Ranar farko muka shiga ɗakin sa kaya. Yara 'yan shekara 7 zuwa 8 zaune a kan benci, kowanne da ubansa ko uwarsa a durƙushe gabansa. Ni ma na durƙusa. Na ɗaure masa takalmi yadda aka saba ɗaure kambas, na yi masa 'yar fulawa a sama, na dafa kansa na ce bismillah. Akwai wata roba da ke rufe wuƙar takalmin, ni duk a zatona da ita ake shiga. Yaro ya sa ƙafa a ƙanƙara, sai ji na yi tim! Ya tashi, ya sake faɗi. Ya sake tashi, idon sawunsa na lanƙwasa kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Koci ya ɗauko shi ya dire a bakin ƙofa.

Wata tsohuwa ce, kanta fari fat, ta ajiye kofin kofinta a ƙasa ta durƙusa gaban ɗana. Ta zare robar nan ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta warware fulawata, ta matse wuƙar tsakanin gwiwoyinta, ta kama igiya tun daga ƙasa tana ja rami bayan rami, har yatsunta suka yi ja. Da ta gama ta ɗan bubbuga hularsa, ta yi mini murmushi ta ce kowa da ranar farkonsa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni da na yi shekara 11 ina koyar da lissafi a sakandare, ina tsaye riƙe da roba biyu kamar an aiko ni. Sa'ar mahaifiyata tana durƙushe tana yi wa ɗana abin da na kasa.

A mota ba wanda ya yi magana sai da muka kusa gida. Abba ya ce, "Baba, mako mai zuwa in ka kawo ni ka jira a mota kawai."

Ban gaya wa uwarsa ba.

Da dare a wurin aiki, sito ne muke loda kaya, na ba wani abokin aikina Bature labarin, ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce yaya za a yi ɗan Nijeriya ya ce bai san hoki ba, alhali ku kuka ba mu Iginla? Na ce wane ne haka? Ya dube ni kamar na ce ban san Sarkin Zazzau ba a Ƙofar Doka. Ashe Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmanton a 1977, mahaifinsa Bayarabe ne. Ya yi shekara da shekaru yana kyaftin na Calgary Flames, ƙungiyar hokin garin nan, ya zura 625 a raga a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ya ɗauko wa Kanada zinare a Olamfik ta 2002 da ta 2010. A 2004 ya kai su wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin gasar, suka sha kashi a karawa ta bakwai, kuma har yau in ka taɓo zancen a garin nan sai ka ga dattijo ya ɓata rai. Lambarsa 12 sun rataye ta a rufin Saddledome, filin wasan ƙungiyar, a 2019, ba mai sake sa ta.

Na dawo gida da asuba, maimakon in kwanta na hau bincike a waya. Nan na ci karo da abin da ya sa na miƙe zaune. Mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi, a 1975. Zariya dai tamu! Garin da in hunturu ya ɗan busa sai kowa ya naɗe kai da rawani ya rungumi kasko. Yana ƙarami aka kai shi lardin Ontariyo, Buffalo Sabres suka zaɓe shi a 1994, ya buga wa New York Rangers da Atlanta. Ɗan baya ne, ƙaton gaske, irin waɗanda in an taɓa ɗan'uwansu sai su yar da safar hannu a dambace. A gasar NHL dambe yawanci ba ya sa a kori mutum, minti 5 kawai zai zauna a wani ɗan akurki ya dawo. Na ce to, ko ba komai wannan ɓangaren na gane shi.

Sai dai da na ci gaba da karantawa murnar ta ragu. Wasannin Ndur a NHL ba su kai 100 ba. Mafi yawan rayuwarsa a ƙananan gasanni ya yi ta, daga wannan gari zuwa wancan, har Birtaniya. Yaran da ake sa ran za su yi nisa tun suna shekara 4 ko 5 suke kan ƙanƙara, suna 16 sun bar gida sun koma hannun wasu mutane a wani gari, suna 18 a zaɓe su ko a manta da su. Ga kuma Akim Aliu, haifaffen Okene, wanda ya buga wa Flames wasa 7 kacal. A 2019 ya fito ya faɗi irin zagin launin fata da wani koci ya taɓa yi masa, har kocin ya ajiye aiki. Na leƙa ɗakin Abba, yana barci da sandar nan a gefensa. Shi kaɗai ne baƙi a ƙungiyarsu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Iginla da kansa ya sha faɗa cewa kakansa na wajen uwa ne ya tsaya masa, lokacin da uwar ke aiki, uban ke karatu. Kaka. Abba sunan Malam ya ci, kuma da Malam na raye, da muna gida, na san wanda zai riƙa jan hannunsa. Shi ya koya mini keke a Tudun Wada, yana riƙe da sirdi yana gudu da babbar riga, yana cewa kada ka waiwayo. Na faɗi a kwata, ya ɗago ni, bai bari ko maƙwabci ɗaya ya taɓa ni ba. A nan in yaro ya faɗi, ni ne kakan, ni ne kawun, ni ne maƙwabcin, kuma ban ma san ana cire roba ba.

Tun daga ranar, in na dawo aiki nakan ɗauki takalmin in matse shi tsakanin gwiwoyina in yi ta ja, in warware, in sake. Asabar ta gaba ban jira a mota ba. Bai ce komai ba, ya dai miƙo ƙafa.

Jiya na kira Inna. Na ce mata jikanta yanzu yana gudu a kan ƙanƙara. Ta ce, "Ƙanƙara wacce? Irin wadda ake saye da azumi?" Na ce irinta, amma fili guda. Ta yi shiru, ta ce mu dai ji tsoron Allah, kada sanyi ya shiga ƙirjin yaro, a riƙa shafa masa man zafi ana ba shi kunun kanwa. Ina zan ga kanwa, Inna? Na so in ba ta labarin Bazazzagin nan, amma ta riga ta shiga nata: gwiwarta ta sake tashi, rufin ɗakin Malam yana yoyo tun daminar bara kuma ba wanda ya kula, bikin autarmu an sa bayan Babbar Sallah, kayan ɗaki ko rabi ba a haɗa ba. Yayana kuma wai yana fushi ban kira shi ranar sunan 'yarsa ba, shi bai san lokacin da suke raɗa suna ni ina tsakiyar loda kaya ba.

Na ce mata in Allah ya yarda ƙarshen wata zan turo. Ta ce in haɗa da hoton mai gidanta, amma a cire masa wannan kwandon da ke rufe masa fuska, tana so ta ga ko ya rame.