Kwanon awo na ɗakin gwaje-gwaje

A ɗan asibitin da nake aiki a yankin Gumel ba mu da kayan tantance HLA. Namu bai wuce duba rukunin jini da sikila da maleriya ba. Amma darasin HLA da aka yi mana a wani kwas a Kano shi ya gyara mini hannu.

HLA wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halitta, da su garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo. Rabi ake gada wajen uwa, rabi wajen uba, shi ya sa ko 'yan uwa ciki ɗaya damar su dace tsaf kashi 25 ce cikin 100. Uban yaro mai sikila kan zo ya ce, "Likita, na ji ana dashen ɓargo, ga yayansa nan, ai jininsu ɗaya." (A ƙauye duk mai farar riga likita ne.) Sai in ce, "Baba, rukunin jini daban, dacewar HLA da dashen ɓargo ke buƙata daban."

Abin da ya fi zauna mini shi ne ƙwayoyin ma'auni. Waɗansu ƙwayoyin jini ne da aka riga aka san HLA ɗinsu sarai, ana raya su a kwalba, a daskarar, a rarraba wa ɗakunan bincike na duniya. Kafin a yarda da sabon sinadarin gwaji, a kansu ake fara jarraba shi, kamar yadda mai sayen gero a kasuwar Maigatari ba ya yarda a auna masa sai da kwanon da kowa ya sani. Da yawansu daga 'ya'yan auren zumunci aka samo su, don irin waɗannan kan gaji alama iri ɗaya ta ɓangarorin biyu, sakamako ya fito ba ruɗani. Akwai ma ƙwayoyin Raji, da aka samo a Ibadan a 1963 daga wani yaro mai ciwon dajin Burkitt, har yau ana bincike da su.

Yanzu kullum da safe, kafin in taɓa jinin kowa, sai na ɗiga sinadarin rukunin jini a kan samfurin A da na B da na tabbatar da su, balle in an kwana ba wuta firji ya huce. Kwalbar da ba ta dunƙule jinin da ya kamata ta dunƙule ba, kwandon shara za ta, ko da saura shekara wa'adinta ya cika.