Gwajin Jinin da Na Yi Bayan An Ce Ina da PCOS

Likitar mata ta tabbatar da cewa ina da PCOS, wato lalurar rikicewar sinadaran jiki da ke shafar gidan ƙwan mace, bisa ƙa'idar Rotterdam ta 2003, wadda ta tanadi a samu biyu daga cikin alamomi uku: rikicewar al'ada, yawan sinadaran maza a jiki, da tarin ƙananan ƙwai da ba su ƙosa ba a hoton sikanin. Daga nan ta tura ni gwajin jini domin a gano ko jikina ya fara bijire wa insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), matsalar da ke tattare da yawancin masu wannan lalura, har da waɗanda ba su da ƙiba.

Sukarin da aka auna kafin in ci komai ya fito daidai, amma likitar ba ta gamsu ba, kuma ta yi gaskiya. Idan jiki ya daina jin insulin, sai ya riƙa ninka adadin da yake fitarwa don ya danne sukari, saboda haka sukari yana iya zama lafiya lau na tsawon shekaru alhali insulin ya yi sama. An lissafa mini HOMA-IR don gane yadda jiki ke bijire wa insulin, ma'aunin da aka fitar a 1985, inda ake ninka insulin da sukari sannan a raba da 22.5, sai dai ɗakunan gwaji sun bambanta wajen auna insulin, shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2023 kan PCOS ba ta amince a dogara da shi a asibiti ba.

Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne SHBG, furotin da hanta ke yi domin ya ɗaure testosterone, wato sinadarin maza, a cikin jini. Yawan insulin yana hana hanta samar da shi, sannan yana zuga gidan ƙwai ya ƙara fitar da sinadaran maza, don haka ƙarancinsa a jinina ya bayyana mini dalilin ƙurajen fuska da gashin haɓa da suka dame ni. An jinkirta wannan gwaji har na yi wata 3 da daina shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin ita kanta tana ɗaga SHBG, ta ɓoye gaskiyar lamarin.

Gwajin da ya yanke hukunci shi ne na shan sukari gram 75 a sake auna jini bayan awa 2. Sakamakona ya faɗo tsakanin 7.8 da 11.0, wato matakin da ke gab da ciwon sukari, abin da HbA1c, gwajin matsakaicin sukari na watannin baya, bai nuna ba. Dama shi HbA1c yana iya ruɗarwa ga mai ƙarancin jini ko sikila. A kan wannan sakamako aka ɗora ni a kan metformin, maganin rage sukari, tare da motsa jiki, aka kuma ce in maimaita gwajin kafin in nemi ɗaukar ciki.