Fayif ɗin birki na tsohuwar fijo, aikin da sai ka shiga rami za ka gani

Satin da ya wuce wani dattijo daga Tudun Wada ya kawo mana Peugeot 504 ɗinshi gareji, irin haɗin Kaduna ɗin nan da aka fara tun 1975, motar mahaifinshi ce ya gada, an mata sabon fenti tana ta sheƙi, kujeru ma an sake musu fata. Yace shi dai birkin ne yake ɗan nutsewa in ya daɗe yana takawa, a sa mishi sabon masta kawai, wato famfon da ke tura man birki. Nace Alhaji bari mu hau da ita kan rami tukuna. Ina shiga ƙasa na haska tocila, fayif ɗin da ya tafi baya duk ya yi tsatsa, daidai inda kilif ya riƙe shi kuwa da farce na kankare sai ga danshin mai. Na kira shi nace ranka ya daɗe sauko ka gani da idonka, ya tattare babbar riga ya leƙo, sai salati.

Mutane suna ɗauka tunda mu nan Zariya ba gishirin ƙanƙara ake watsawa a titi ba kamar Turai, fayif baya ruɓewa. Yana ruɓewa mana. Taɓon damina yana maƙalewa a kilif ya zauna wata da watanni, sannan shi kanshi man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshi daga iska, in ya shekara biyar ba a canza ba ruwan da ke ciki sai ya dinga cin ƙarfen ta ciki. Balle motar da wani direba ya taɓa ɗura mata ruwan omo a hanya don ya ƙarasa gida, wannan kam Allah Ya kyauta.

Mu ba ma faci. Duk layin muke cirewa tun daga masta har ƙafa huɗu, kuma a hankali nake cire tsohon don shi ne ma'aunina, a ƙasa nake shimfiɗa shi in lanƙwasa sabon a gefenshi kwana bayan kwana. Fayif ɗin 3/16 na inci ne, wato 4.75 a milimita, kuma wanda nake sawa shi ne haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, irin wanda Volvo suka koma amfani da shi tun 1976. Baya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu ba tare da ya toshe ba.

To anan ne takaicina yake. Akwai masu zuwa su sayo fayif ɗin firji, jan ƙarfe zalla, su ɗaura wa mutum a mota suce ai duk ja ne. Ba ɗaya bane wallahi. Jan ƙarfe zalla in girgiza ta dame shi taurarewa yake yi, sai wata rana ya tsage a wuyan noti, kuma ba zai tsage kana fake a ƙofar gida ba, sai ka sauko gadar Kwangila tirela na gabanka ka danna da ƙarfi. Ni ma wani mai kayan gyara ya taɓa aiko min da shi a naɗe yace orijina ne, ina yankawa na ga kalar ciki na maida mishi, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Amma inda ake gane bakanike shi ne bakin fayif. Iri biyu ne, akwai mai ninki biyu da ya buɗe kamar mazurari, akwai mai ƙululu da ya kumburo kamar maɓalli, yawancin motocin Turai mai ƙululun ne da noti mai zaren milimita, M10x1. In ka sa wani a gurbin wani zai ɗauru, amma sai ya dinga zufa. Tsoffin Land Rover kuma zaren notinsu na inci ne, ido ba zai raba shi da na milimita ba, na milimitar zai shiga zagaye biyu uku ka ɗauka ya yi, ka matsa ka kashe zaren silindar birki. Shi yasa kullum da yatsa nake fara ɗaurawa har sai ya kusa zama kafin sufana ta taɓa shi, sufanar ma mai tsaga a baki da ke kama noti ta kowane gefe, banda filaya.

Ina tuna lokacin da nake yaron gareji a Sabon Gari, ogana Allah Ya jiƙanshi sai da ya sa na yi sati biyu ba abin da nake sai buɗe baki a guntayen fayif a jikin bais, ƙarfen nan da ake matse abu a ciki. In na kawo ya ɗaga a rana ya juya, ya ga tsaga ko ya karkace, sai ya wurga kwata yace sake. Ranar da na yi wanda ya yi kyau sosai na kawo ina washe baki, ya kalla ya kalle ni yace to ina notin? Na manta ban zura noti ba kafin in buɗe bakin. Ranƙwashin da na sha ranar har yanzu in na ɗauki abin yanka sai hannuna ya fara neman noti. Yarana ma haka nake musu, ranƙwashin ne dai na rage.

Da muka gama na Alhaji muka canza robobin nan na ƙafafu, muka zuba sabon DOT 4, tsumma a kan fenti saboda man birki cinye fenti yake. Sai fitar da iska, daga ƙafar da tafi nisa da masta ake farawa, yaro a ciki yana takawa ni a ƙasa ina "danna, riƙe, saki". Bayan nan na sa shi ya taka ya riƙe minti ɗaya cur, na bi kowace gaɓa da farin ƙyalle, ba ɗigo. Mastan da yace a canza ma lafiyarshi ƙalau.

Da aka zo maganar kuɗi kuwa sai cewa yayi haba malam, ɗan wannan siririn ƙarfen? Wai a wani wuri rabin haka aka ce mishi. Nace Alhaji nawa ka biya mai fenti, yayi dariya bai amsa ba. Muka fita gwaji hanyar Samaru, ya taka birki sau biyu motar ta tsaya cak ba ta ja gefe ba, muna dawowa ya biya, sai da ya zare na man mashin ɗin yaro dai. Tsohon fayif ɗin yana nan rataye a bangon gareji, jibi kuma ƙaninshi zai kawo marsandi.