Kafin ka saya wa malamin fiyanonka kyauta, ka fara duba ɗakin aikinsa

Shekara uku na yi ina koyon fiyano a wani ɗan ɗakin ɗaukar waƙa da ke bayan titin Gidan Zoo a Kano. Malamina mutumin Jos ne, a coci ya fara kiɗa tun yana yaro, kuma a hannunsa na koyi karanta rubutun kiɗa bayan na daɗe ina kwaikwayo da kunne. Sau uku ranar haihuwarsa ta zagayo ina ɗalibinsa, sau biyu na yi kuskuren kyauta. Ƙannena masu koyon wannan sana'a, ku saurara, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A shekarar farko agogon bango na saya masa, mai zanen madannan fiyano fari da baƙi a kewaye. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya rataye shi nan take. Da na dawo bayan kwana biyu sai na tarar agogon a tsaye, an cire batirin. Ashe makirfon ɗin ɗakin yana ɗaukar ƙarar tafiyarsa, tak-tak-tak, har ta shiga cikin waƙar wani mawaƙi, sai da aka sake ɗauka. Malam bai taɓa faɗa mini ba, yaron da ke haɗa sauti ne ya tsegunta mini. Daga baya na ga cikin kabad ɗinsa: kofin shayi, maƙalar makulli, har da hula, duk da zanen madannai, duk daga ɗalibai irina. Mutumin da ya wuni yana kallon madannai tun safe har bayan isha'i, me zai yi da hotonsu a bango? Ni sana'ar tasa na kalla na yi sayayya, shi kansa ban dube shi ba.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, domin wannan karon na lura da abin da yake bukata. Fedar da yake takawa don sauti ya ja tsawo ta tsage, ya naɗe ta da baƙin salatif. Na tafi Sabon Gari na sayo sabuwa ba tare da na tambayi kowa ba, wai don abin ya zo masa ba zato. Muna jona ta sai ta yi aiki a juye: in bai taka ba sauti ya yi ta ja yana cakuɗewa, in ya taka ya yanke. Ban san cewa fedar kamfanoni ba iri ɗaya ba ce. Ta Yamaha da ta Casio, alal misali, kishiyoyin juna ne a yadda suke buɗe wuta da rufe ta, ko da yake bakin wayarsu ɗaya ne. Malam ya yi murmushi, ya kashe fiyanon, ya danne fedar da ƙafa sannan ya kunna, sai ta daidaita, don irin nasa yana karanta yanayin feda ne lokacin kunnawa. Amma fa kullum sai ya tuna ya yi hakan, a gari irin namu da ake ɗauke wuta sau da yawa a wuni.

Saboda haka in kayan aiki za ka saya, ka rubuta sunan fiyanon da lambarsa, tana nan a jikinsa. Ka nemi feda mai ɗan makunni a ƙasanta wanda ke juya ta ta dace da kowane iri. In adafta ce, ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a bakin inda ake jona ta, domin wadda ba tasa ba tana iya ƙona masa abin neman abincinsa. Ka san ko mai madannai 61 ne, ko 76, ko cikakke mai 88, wanda 52 farare ne 36 baƙaƙe. Matambayi ba ya ɓata, kuma tsohon ɗalibinsa ko abokin aikinsa zai gaya maka abin da ya daɗe yana cewa zai saya.

Akwai abin da ban so faɗa ba, amma ɓoye shi cin amanarku ne. Ranar da na kai fedar nan, Malam yana bina kuɗin karatu na wata guda. Da kuɗinsa na yi masa kyauta ke nan. Bai ce uffan ba, amma na san yana da iyali da kuɗin haya, ga man janareta. In ana binka, ka fara biya. Kada kuma ka ci bashi don ka burge shi, domin kyautar da ta fi ƙarfin ɗalibi nauyi take ɗora wa malami, har ya riƙa jin kunyar yi maka gyara in ka yi kuskure.

Ka kuma bincika ko yana bikin ranar haihuwa ma. Mu nan ba kowa ke yi ba, wani ba ya son a san shekarunsa, balle ka sa hotonsa a Facebook ba da izininsa ba. In ba ya yi, ka ajiye kyautarka sai Sallah ko Kirsimeti, ko ranar da ka kammala wani mataki.

A shekara ta uku na yi wata guda ina kallo kawai. Lokacin hunturu ne, kuma na lura kowace safiya sai ya ɗauki burushin fenti yana share ƙura daga tsakanin madannai. Ƙurar nan ce ke shiga ƙarƙashi ta zauna a kan robar da ke isar da saƙon dannawa, sai ka ga madanni ɗaya ya yi shiru ko ya riƙa tsawa. Da tsohon zani yake rufe fiyanon. Da salla ta tashi mutane, shi kuma ya tafi sayen abinci, sai na auna tsawo da faɗi da tef ɗin tela. Na sayi yadi mai kauri a Kantin Kwari, tela ya ɗinka wa fiyanon riga da roba a baki, da ɗan aljihu na sa adafta. Kuɗin bai kai rabin na fedar ba.

Akwai kuma wani darasin hannun hagu da ya yi wata huɗu yana fama da ni a kansa. Na riƙa tashi bayan asuba ina maimaita shi a hankali har ya zauna. Ranar, bayan na miƙa masa ledar, na ce, "Malam, a ba ni izini in buga wani abu." Na buga daga farko har ƙarshe, hannun hagu bai yi tuntuɓe ba. Ya daɗe bai yi magana ba, yana shafa rigar fiyanon a cinyarsa. Sannan ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya ɗora hannunsa a madannan sama, ya ce, "Sake daga farko, ni zan bi ka."